Manuwa: Gasar Ingila da Faransa a Kan Teku, da Yadda Ƙurarta Ta Iso Ƙasar Hausa



Ran da aka kafa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, kai da aka ɗauka don koyar da Hausa, me ya haɗa ka da teku? Mutumin Yankwashi ko na Gwiwa, wanda bai san ruwan da ya fi na madatsar Kazaure ba, ina ruwansa da faɗan matuƙan jirgi?" Na ce masa ya zo ya saurara. Ga shi can kuwa na hango shi a layi na uku.

Wata kalma ce ta jawo ni cikin wannan magana. A ƙamusoshinmu akwai kalmar manuwa, watau babban jirgin ruwa na yaƙi. Daga Ingilishi aka aro ta, daga laƙabin da suke yi wa irin wannan jirgi, mai ma'anar namijin yaƙi. To, ƙaƙa aka yi mutanen da ke da tafiyar wata guda ko fiye kafin su ga teku suka sami sunan jirgin yaƙin teku a bakinsu? Kuma don me aka aro shi daga Ingilishi, ba daga Faransanci ba? Amsar tana cikin wata gaba ta shekara fiye da ɗari da ashirin, daga 1689 zuwa 1815, wadda a cikinta Ingila da Faransa suka gwabza manyan yaƙe-yaƙe har bakwai.

Tushen gabar

Idan aka dubi ƙasashen nan biyu a farkon al'amarin, ba wanda zai ce Ingila ce za ta rinjaya. Faransa ta ninka ta uku ko fiye a yawan jama'a, ta fi ta ƙasar noma, ta fi ta soja. Wazirin Sarki Luwi na 14, mai suna Colbert, ya karɓi sha'anin jiragen ruwa a 1669, ya gina tashoshi da ma'aikatu a Brest da Tulon da Roshfor, ya sa aka rubuta sunan kowane masunci da matuƙi na gaɓar ƙasar don a riƙa kiransu aiki bi da bi. A 1690 jiragen Faransa suka kori na Ingila da na Holan gaba ɗaya a mashigin da ke tsakanin ƙasashen biyu. Shekara biyu bayan haka reshe ya juye da mujiya, aka ƙone wa Faransa manyan jirage 15 a La Hog da kewayenta.

Abin da ya bambanta su shi ne wannan. Faransa tana da maƙwabta a tudu ta gabas da kudu, saboda haka kullum dukiyarta rabuwa biyu take yi, rabi ga sojan ƙasa, rabi ga na ruwa, in kuwa abu ya yi tsanani na ruwan ake tauyewa. Ingila tsibiri ce. Ganuwarta ita ce ruwa, kamar yadda ganuwar Kano take ta ƙasa, kuma duk Ba'ingilishe ya san ran da aka karya jiragensa, ran nan abokin gaba zai kwana a Landan. Sa'an nan ga maganar bashi. A 1694 aka kafa Bankin Ingila don ya ranta wa gwamnati fam 1,200,000 na yaƙi. Tun daga nan gwamnatin Ingila ta iya cin bashi da sauƙi, domin masu kuɗi sun amince majalisa za ta biya. Sarakunan Faransa kuwa sun sha cin bashi su ƙi biya, don haka ba mai ranta musu sai da tsada. Ma'aikatan baitulmali da ke cikin wannan zaure sun fi ni sanin abin da wannan ke nufi.

Jirgin da mutanen cikinsa

Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na je Fotsmos na shiga jirgin nan Victory, wanda har yanzu yana nan ajiye a busasshiyar tasha. An sa shi a ruwa a 1765. An ce itatuwa wajen 6,000 aka sare don gina shi, yawancinsu wani ƙaƙƙarfan itace na ƙasarsu mai taurin ƙirya. Yana ɗauke da igwa 104 a hawa uku, da mutum fiye da 800. Ni ba dogo ba ne, amma a hawan ƙasa sai da na sunkuya. Ba injin, ba gawayi, ba mai. Iska kaɗai ke tura shi, ta hanyar filafilai na zane mai kauri da aka ɗaura a jigo uku, kowane jigo ya fi dogon giginya nesa ba kusa ba. In iska ta ɗauke, sarkin yaƙi da kuku duk zama za su yi.

A wajen ƙira, sau da yawa Faransawa sun fi gwaninta. Jirgi mai igwa 74, wanda ya zama ƙashin bayan rundunonin biyu, su suka fara ƙera shi. Ingilishi sun kama ɗaya a 1747, mai suna Invincible, suka auna shi ciki da waje, suka kwaikwaya. Inda Ingila ta yi zarra shi ne a ƙananan abubuwan da ba a yi musu kirari. Wajen 1780 ta lulluɓe gindin jiragenta da fallayen jan ƙarfe, don tsutsar ruwa kada ta cinye katako, gansakuka kuma kada ta rage gudu. Akwai wata cuta da ke kama mutanen da suka daɗe a teku ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace: dasashi ya kumbura ya ruɓe, haƙora su zube, tsohon miki ya buɗe. Wani likita, James Lind, ya gwada a 1747 ya ga lemo yana warkar da ita, amma sai a 1795 hukuma ta sa aka riƙa raba ruwan lemon tsami ga kowa. Shekara 48 takarda tana yawo tsakanin ofisoshi! Duk da haka, daga ran da aka zartar, jirgin Ingila yana iya wata da watanni a teku mutanensa na tsaye da ƙafafunsu.

Kada a ɗauka aikin daɗi ne. Ingila ba ta da rajista irin ta Colbert, sai ta riƙa kamen ƙarfi. 'Yan kame su bi mashaya da lungunan tashar jirgi da kulake, duk wanda ya san aikin ruwa su tasa shi gaba, ko da matarsa tana kan gwiwa. Abinci shi ne naman gishiri da busasshen burodi mai ƙwari. Horo kuwa bulala. A 1797, ana tsakiyar yaƙi, matuƙan Ingila suka yi bore don albashinsu bai ƙaru ba tun 1653. Cuta da haɗari sun kashe mutane fiye da yadda harsashin abokin gaba ya kashe. Abin da ya riƙe su shi ne ganima: jirgin da aka kama sayar da shi ake yi a raba kuɗin, kyaftin ya kwashi kaso mai tsoka, ƙaramin matuƙi ya sami na goro.

Yadda ake yin yaƙin

Igwogin jirgi a haƙarƙarinsa suke, ba a goshi ba. Saboda haka runduna takan jeru ne a sahu guda, wannan na bin wutsiyar wannan, ta gitta wa sahun abokan gaba, a yi ta ɓarin wuta. A nan halin kowace ƙasa ya fito. Bafaranshe yakan so ya tsaya ta inda iska ke nufa, don in abu ya ɓaci ya juya ya tafi, kuma yakan harbi jigo da filafilai don ya gurgunta mai binsa. Ba tsoro ne ya sa haka ba, kodayake marubutan Ingila sun so a ɗauka hakanan. Umurnin da ake ba shi ke nan: ka kai soja wuri kaza, ka raka ayarin sukari, kada ka yi asarar jirgi, domin ba kuɗin gina wani. Ba'ingilishe kuwa yakan nemi iska ta kasance a bayansa, ya matso kurkusa, ya harbi cikin jirgi inda mutane suke. Shi ma umurni ne. A 1756 Adimiral Byng ya kasa ceton tsibirin Minoka daga Faransawa, aka yi masa shari'a, aka harbe shi a kan jirgi a Fotsmos a watan Maris na 1757, bisa laifin bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba. Bayan wannan, kowane kyaftin ya gane gara ya fāɗa wa abokin gaba da ya koma gida da uzuri.

Ba kullum Ingila ke cin nasara ba. A 1759 ta ragargaza Faransa sau biyu, a Legas ta ƙasar Fotugal (ba Ikko tamu ba) da kuma a Kiberon, abin da ya sa Kanada ta kuɓuce wa Faransa. Amma a watan Satumba na 1781 Adimiral de Grasse ya tare bakin ruwan Chesapeake, ya hana a kai wa sojan Ingila gudunmawa, suka ba da kai a Yoktawun. Da ba don jiragen Faransa ba, da 'yancin Amurka ya ja lokaci. Sai dai bashin wannan yaƙi yana cikin abubuwan da suka jawo juyin mulkin Faransa na 1789, juyin kuma ya watsa hafsoshin ruwa, domin yawancinsu 'ya'yan sarauta ne. Waɗansu aka kashe, waɗansu suka gudu. Ana iya mai da manomi sojan ƙasa cikin wata uku, amma wanda zai sarrafa jirgi mai jigo uku cikin hadari da duhu sai ya shekara goma yana koyo.

Kan me ake wannan faɗa? Kan ciniki: sukarin tsibiran Karibiyan, tufafin Indiya, kifin Niyufanlan, da bayin Afirka. A gaɓar yammacin Afirka kuwa har da wani abu da kowa a nan ya sani, watau ƙaro. Ƙaron ɗakwara da yaranmu ke ɓamɓara a daji, shi masaƙun Turai ke buƙata don kama launi a jikin atamfa da siliki, kuma a wancan zamani ta bakin Kogin Sanagal yake fita. A 1758 jiragen Ingila suka ƙwace Sanluwi da tsibirin Gore. A 1763 aka mayar wa Faransa Gore. A 1779 Faransa ta ƙwato Sanluwi, ta rushe ganuwar Ingilishi ta Kogin Gambiya. A 1794 jiragenta suka ƙone Firitawun tana da shekara biyu da kafuwa. Ingila ta sake kama Gore a 1800 da Sanluwi a 1809, ba ta sake su ba sai 1817. Haka aka yi ta yi, kamar 'yan dara.

Abu Ƙir da Tarafalga

Yaƙi biyu suka yanke hukunci. A 1798 Napoliyon ya sauka Masar da runduna. Ran 1 ga Agusta Nelson ya iske jiragen Faransa 13 sun kafa anka a Abu Ƙir, kusa da Iskandariya, sun shirya igwoginsu ta fuskar teku kawai, don sun ɗauka ba jirgin da zai iya ratsawa tsakaninsu da gaɓa. Ingilishi suka ratsa, suka sa su a tsakiya da almuru. Biyu kaɗai suka tsira. Rundunar Napoliyon ta zama kamar ɗaurarriya a Masar, shi kansa ya sulale a 1799, saura suka ba da kai a 1801.

Na biyu shi ne Tarafalga, a gaɓar Sifen, ran 21 ga Oktoba 1805. Nelson yana da manyan jirage 27, Faransa da Sifen suna da 33. Maimakon ya jeru ya gitta musu bisa al'ada, sai ya raba rundunarsa biyu ya soke sahunsu a tsakiya kamar mashi. Dabara ce mai haɗari ƙwarai, domin jiragen gaba suna shan wuta ba su iya ramawa sai sun iso. Ya yi ta ne don ya san mutanensa sun shekara suna teku suna gadin tashoshin Faransa, su kuwa abokan gaba suna kulle a tasha ba horo, don haka nasa sun fi saurin ɗura igwa. Aka kama ko aka hallaka jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba, amma Nelson ya mutu da harsashi a kashin baya. Ku lura da shekarar. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka yi Tabkin Kwatto a wannan shekara, aka yi Alwasa a 1805. Ana kafa daula a nan, ana yanke wa zai mallaki teku a can, ba wanda ya san da wani.

Haɗuwar labaran biyu

Da yaƙi ya ƙare a 1815, Ingila ta wayi gari da jirage da hafsoshi fiye da buƙatarta. Waɗansu ta tura su gaɓar Afirka su tare jiragen bayi, domin ta haramta wa mutanenta wannan ciniki a 1807, bayan ta shafe ƙarni guda tana kan gaba a cikinsa. Daga 1808 zuwa 1860 wannan runduna ta kama jirage wajen 1,600, ta saki mutum wajen 150,000, yawancinsu a Saliyo. Faransa ta daɗe tana ƙin yarda a binciki jirginta, tana cewa tausayin Ingila riga ce da ta yafa wa mulkin teku. A ganina akwai gaskiya a zargin, akwai kuma gaskiya a 'yancin da mutanen suka samu, ba sai an ƙaryata ɗaya don a gaskata ɗaya ba.

Cikin hafsoshin da aka bari da rabin albashi akwai wani mutumin Sikotlan, Hugh Clapperton, wanda ya yi yaƙi da Faransawa sa'ad da aka ƙwace tsibirin Moris a 1810. Shi ne ya ratso hamada daga Tarabulus, ya bi ta Kukawa da Katagum, ya shiga Kano ran 20 ga Janairu 1824 da sunan Abdullahi. Ya rubuta cewa ya caɓa ado da kayan sojan ruwa don ya burge mutane, amma ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi, kowa na harkar kasuwarsa. Bai sami Sarkin Kano Ibrahim Dabo a gida ba. Yana sansani, yana shirin yaƙi da Ɗantunku, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a tun 1819. Wannan rikici ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba, ya tabbatar wa gidan Ɗantunku ƙasarsu, ita ce masarautar Kazaure da ta ƙunshi Roni da Gwiwa da Yankwashi. To, abokina na layi na uku, ka ga sunan Ɗantunku ya shiga littafin Turawa ta alƙalamin sojan ruwa.

A Sakkwato Bello ya karɓe shi da kyau, suka yi maganar buɗe hanyar ciniki ta teku da hana fitar da bayi, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Amma Bello ba baƙo ba ne ga labarin duniya. Ya san jiragen Ingila sun yi wa Aljazair ruwan wuta, ya san yadda aka shiga Indiya da sunan fatauci aka ƙare da mulki. Da Clapperton ya komo a 1826, wannan karo ta teku da Badagiri, ya tarar fuska ta sauya. Ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Cikin masu yi masa hidima akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko: an sayar da shi har bakin teku, jirgin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin matuƙi a manuwa, sa'an nan ya komo ƙasar Hausa yana tafinta. A watan Oktoba na wannan shekara aka yi babban yaƙin ƙarshe na jiragen filafilai a Nabarino, inda Ingila da Faransa da Rasha suka haɗa kai suka nutsar da jiragen Daular Usmaniyya da na Masar. Daga nan sai zamanin tururi da ƙarfe.

Ga abin da ya shafi sana'ata. Daga bakin Hausawan da aka saki a Saliyo ne wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya fara koyon Hausa. Ya bi jiragen da suka hau Kwara a 1841, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Baikie, wanda ya hau Binuwai a 1854 ya kuma zauna a Lakwaja, likitan sojan ruwa ne. Glover, wanda ya tara Hausawa a Ikko a 1863 ya yi dakaru da su, hafsan ruwa ne, kuma daga wannan ƙaramar ƙungiya sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Ba abin mamaki ba ne manuwa ta shigo mana ta Ingilishi.

Kifi da iyaka

Saura magana guda. Wanda ya tashi daga Kazaure ya bi ta Daura zuwa Kwangwalam, ko ya tashi daga Babura ya bi ta Babban Mutum ya nufi Magariya, ba da jimawa ba zai iske shinge. A wannan gefe lamba ɗaya, a wancan gefe wata, Hausar kuwa ɗaya ce, sai dai nan a ce mota can a ce mato, nan makaranta can lakwal. Wannan layi Ingila da Faransa suka ja shi. A 1890 suka zana shi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Cadi, ba tare da sun taka ƙasar ba. A watan Yuni na 1898 suka gyara: aka kafa tsinke a Sakkwato aka zagaya da nisan mil 100, sa'an nan layin ya miƙa gabas. A ƙarshen wannan shekara sojojinsu suka yi cirko-cirko a Fashoda a bakin Nilu, Faransa ta janye, domin ta san in aka tafi teku ba ta da abin kai wa Ingila.

Layin 1898 ya bar Faransawa cikin wahala. Sun ci Damagaram a 1899, amma hanyarsu daga Kwara zuwa Zindar ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi. Suna son hanya mai ruwa, Ingila kuwa tana son wani abu a hannunsu. Tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713 masuntan Faransa ke da izinin sauka su shanya kifi a wani yanki na gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada. Faransa ta riƙe wannan izini kusan shekara 200 kamar ranta, domin a wannan kamun kifi na ruwan sanyi take samun ƙwararrun matuƙan da za ta zuba a jiragen yaƙi. Da aka daina yaƙi da filafilai, amfanin ya ragu. Ran 8 ga Afrilu 1904, shekara guda bayan Lugga ya ci Kano da Sakkwato, aka yi musaya a Landan. Faransa ta saki mashanyar kifi. Ingila ta ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da wani yanki a Gambiya, ta kuma janyo iyakar Arewa zuwa kudu. Aka ƙara tantancewa a 1906, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi layin suna kafa alamu har 1908. Birnin Ƙonni da Tsibirin Gobir da Maraɗi da Magariya, waɗanda layin 1898 ya sa a gefen Ingila, duk suka koma hannun Faransa. Daura da Kazaure da Babura suka tsaya a wannan gefe.

Shugaba, a nan zan dakata, in akwai tambaya.